Fim ɗin zane da haske: firintar leza, ta tawada, injin maɗaba'a ko odar waje?

Wata Asabar wani ɗalibin injiniya daga Gwagwalada ya same ni a shago, riƙe da fanel guda uku, wato allon da ake harhaɗa kayan lantarki a kai, a baƙar leda. Duka ukun sun lalace iri ɗaya. Hanyoyin jan ƙarfen sun yi huje-huje kamar gara ta bi ta kansu, ƙafafun cif ɗin kuma sun manne da juna ta gefe guda. Ya ce, "Oga, na canza sinadari sau biyu, na canza fitila, abin ya ƙi." Na ce ya miƙo mini ledar da ya buga zanen a kai. Na ɗaga ta na saita da hasken ƙofa. Inda ya kamata ya yi baƙi ƙirin sai ga shi toka-toka, haske yana ɗigowa ta ciki kamar tsohon rufin kwano da tsakar rana. Na ce, "Ƙanena, ka bar jaki kana dukan taiki. Ga mai laifin nan a hannuna."

Ga wanda bai san aikin ba, zane da haske, wato fotolitogirafi, hanya ce ta kwafe zane zuwa kan allo da hasken UV, wani haske da ido ba ya gani. Ana lulluɓe allon jan ƙarfe da wata fata mai jin haske, fotorezis. Wani allon da ita yake zuwa, wani kuma kai za ka manna masa shuɗiyar ledar nan da ake sayarwa a naɗe. Sai a ɗora zanen a kai a haska. Inda haske ya ratsa fatar ta canza, inda baƙi ya tare ta zauna yadda take. A wanke, a jefa cikin ferik kulorayid ya cinye jan ƙarfen da aka bari a buɗe. Wannan zanen mai tare haske shi ne fotomask. Mu a shago fim kawai muke ce masa, yadda masu buga riguna da 'yan maɗaba'a suke faɗa. Da irin wannan dabarar ake yin cif ɗin da ke cikin wayarka, sai dai su can injinansu na miliyoyin daloli ne. Mu namu bai wuce fanel, farantin suna na tagulla, da ƙananan magudanan ruwa na ɗakin gwaje-gwaje ba.

Tambayar ɗalibin nan ita ce ta mutane da yawa: a ina zan buga fim ɗin? Hanyoyi biyar na sani, amma kafin mu bi su, ga abin da za mu auna su da shi.

Ma'aunin farko: sirantar layi

Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato mikron 25,400. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin kai yakan faɗa tsakanin mikron 50 zuwa 100. Ka raba 25,400 da adadin ɗigon da firinta ke sawa a inci, wato dpi, za ka sami girman ɗigo ɗaya. Mai 600 ɗigonta mikron 42 ne. Mai 1200, mikron 21. Mai 2400, kusan 11. Mai 2540, mikron 10 cif. Amma ɗigo ɗaya ba layi ba ne. Kafin layi ya tsaya da ƙafarsa, gefensa ya miƙe, sai ya ci ɗigo uku ko huɗu aƙalla, a firintar ofis ma fiye da haka.

Ka fara sanin abin da aikinka ke nema. Cif mai ƙafafun sokawa a rami, tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ne. Cif mai kwanciya a kan allo irin na SOIC, 1.27. Cif ɗin ATmega328P mai kwanciya a kan allo 0.8. Cif ɗin STM32 mai ƙafa 48 kuwa 0.5, ma'ana ratar da ke raba wurin zaman wata ƙafa da maƙwabciyarta ba ta wuce milimita 0.2 ba. Mai yin magudanan gwaji shi maganar mikron 50 zuwa 100 yake yi.

Na biyu: baƙi

Wannan shi ne wanda ake mantawa, kuma a ganina ya fi na farko kayar da mutane. Ana auna duhun fim da lamba. Duhu 1 yana barin kashi 10 cikin 100 na haske ya wuce. Duhu 2, kashi 1 cikin 100. Duhu 3, ɗaya cikin dubu. Duhu 4, ɗaya cikin dubu goma. Amfanin fim mai duhu sosai shi ne yana ba ka sarari. In lokacin haskawa ya kamata ya zama minti biyu ka yi uku, ba abin da zai faru. Fim mai shara-shara kuwa, ka ƙara daƙiƙa goma ya ɓaci, ka rage goma bai nuna ba, kullum kana tsakanin ɗanye da ƙonanne.

Yadda ɓarnar ke bayyana ya danganta da irin fatar. A allon da ake ce wa fozitif, inda haske ya taɓa shi ne ke wankewa, don haka hujin fim yana zama hujin hanya, irin na ɗalibin nan. Shuɗiyar leda kuwa negetif ce, inda haske ya taɓa shi ne ke ƙarfi ya zauna, sai ka ga ɗige-ɗigen jan ƙarfe sun rage a tsakanin hanyoyi suna haɗa wuta. Gwajin mai sauƙi ne: kunna tocilan waya, ɗora baƙin fim ɗin a kan fitilar, ka duba.

Na uku: girma ya fito daidai

In ka zana santimita 10, ya fito santimita 10, a tsaye da a kwance. Jerin fil mai ƙafa 40, daga ta farko zuwa ta ƙarshe milimita 99.06 ne. In fim ya tsuke da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ramin ƙarshe ya goce da rabin milimita. A allo mai fuska biyu abin ya fi muni, domin sama da ƙasa ba za su haɗu ba. Ni kowane zane nakan sa masa layin awo na milimita 100 a gefe biyu, in duba da ma'aunin kalifa kafin in taɓa sinadari.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani: sau nawa fim zai yi aiki kafin ya lalace, nawa zai ci, kwana nawa za ka jira, kuma me ke iya ɓaci a hanya.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta hau kan dukkansu. Fuskar da tawada take ita ce za ta kwanta a kan fatar allon, shi ya sa ake juya zanen kamar a madubi kafin a buga. Kaurin ledar kansa wajen mikron 100 ne. In tawada tana sama, akwai ratar mikron 100 tsakaninta da allo, haske ya shiga ta gefe ya ci layin. Ka kuma danne da gilashi mai nauyi ko ka matse da kilif. Fim ɗin dala ɗari da bai kwanta ba, na fotokwafi da ya kwanta ya fi shi.

Firintar leza a kan leda ko takardar tiresin

Ita ce a kusa da kowa. Babu wata kasuwa ko filaza a Abuja da za ka rasa mai fotokwafi da HP LaserJet. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma cikin minti biyar fim yana hannunka. In ka ga kuskure a zanen ka gyara ka sake bugawa kafin shayinka ya huce. Wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo.

Matsalarta daga yadda take aiki ne. Tona gari ne, ana jawo shi da cajin lantarki a manna, sannan a narkar da shi da zafin da ya doshi digiri 200. Garin yakan taru a gefen zane ya yi ƙaranci a tsakiyar babban fili, shi ya sa siririn layi kan fito da baƙi, faffaɗan wuri kuma ya yi shara-shara da ƙananan huji. In ka sa a ƙarƙashin maikuroskop ɗin masu gyaran waya za ka ga gefen layin kamar bakin hanyar da ba kwalta, ga ɓurɓushin tona a warwatse. Ƙananan firintoci irin 1020 da P1102 ainihin ƙarfinsu ɗigo 600 ne, 1200 ɗin da ake rubuta musu dabarar gyaran gefe ce. Sannan yawancin kwalaben tona da ke shagunan kasuwa cikawa ake yi, wani garin ma toka ce kawai.

Zafin kuma yana tsuke leda, kuma ba ya tsuke ta daidai ta kowane ɓangare. Na taɓa auna layin milimita 100 ya ba ni 99.6 ta tsawon takarda, ta faɗi kuma lafiya lau. Kada ka kuskura ka sa ledar firintar tawada a cikin leza. Narkewa take yi ta naɗe a jikin abin zafin, ka tashi da biyan mai shago kuɗin gyara.

Dabarun da ake yi sun haɗa da kashe tsimin tona a saiti, kai duhu ƙarshe, da buga biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya. Ninkawar tana aiki, domin duhun biyu haɗuwa suke yi kuma da wuya huji ya faɗa kan huji. Amma saita su daidai aikin haƙuri ne, kuma na saman ya yi nisa da allo. Takardar tiresin, mai shara-sharar nan da ake kwafar zane da ita, ta fi leda riƙe tona, baƙinta ya fi cika, sai dai tana watsa haske, tana neman ƙarin lokaci, kuma da damina takan sha danshi ta lanƙwashe. Ni da leza ba na sauka ƙasa da milimita 0.25 in ina son barci mai daɗi. Milimita 0.2 yana yiwuwa in firintar tana da lafiya. Fim ɗinta kuma ba ya daɗewa, tona yana ɓarewa in ya gogu.

Firintar tawada a kan ledar da aka yi dominta

Nan Epson masu tanki ne suka cika gari, irin L3110 da 'yan'uwanta. A jikin kwali za ka ga 5760 sau 1440, wanda in ka yi lissafi zai ce maka ɗigo mikron huɗu da ɗoriya. Kada wannan ya ruɗe ka. Lambar tana faɗin inda kan firintar zai iya saita ɗigo ne, ba girman ɗigon ba. Mafi ƙanƙantar ɗigon irin wannan firintar fikolita 3 ne, wanda tun yana iska faɗinsa ya kai mikron 18, in ya sauka kuma ya baje.

Duk da haka na fi son ta a kan leza, saboda dalili biyu. Babu zafi, don haka girma yana fitowa kusan daidai. Kuma a kan leda mai kyau, irin mai fari-fari da masu buga riguna ke saye, tawadar tana cika fili ba huji. Ledar tana da fuska ɗaya mai ɗan kaushi da ke shan tawada. Jiƙa ɗan yatsa ka taɓa kusurwa, wadda ta yi danƙo ita ce. A saiti ka zaɓi takardar hoto da inganci mafi girma, domin firintar ta zuba tawada da yawa. Wani abin mamaki, ruwan ɗorawa yana tare UV sosai duk da ido yana ganin ta cikinsa, shi ya sa baƙin da aka haɗa da launuka wani lokaci yakan fi baƙi zalla aiki. Wannan sai ka gwada da taka tawadar, domin ba duka suke ɗaya ba.

Haɗarinta ruwa ne. Ɗigon gumi ɗaya daga goshi ya isa ya kashe aikin awa guda, kuma wanda ya yi watan Maris a Abuja ba wuta ya san gumi ba ya neman izini. Tana son a bar ta ta bushe sosai. In ka yi gaggawa tawadar ta manne a allon. Da hunturu kuma ƙura da bushewa suna toshe bakin kan firintar, sai ka ga siraran fararen layuka sun ratsa zanen, kowane ɗaya kuwa yankakkiyar hanya ce a fanel. Ledar ta fi ta leza tsada kuma ba kowane mai kayan rubutu ke da ita ba, wajen masu kayan buga riguna za ka nema. Ana samun milimita 0.15 zuwa 0.2 da ita in an iya saiti.

Injin fitar da fim na maɗaba'a

A nan zan daɗe, domin nan ne ribar take, kuma nan ne mutane suka fi rashin sani.

Kafin a buga littafi ko kalanda a injin ofset, a da sai an fitar da kowane launi a fim ɗinsa, sannan a haska shi a kan filet, wato farantin da injin ke bugu da shi. Injin da ke fitar da fim ɗin shi ne imejseta, irin su Agfa Avantra da Linotype-Hell Herkules. Ba tawada yake zubawa ba. Fim ɗin na hoto ne, leda mai fatar sinadarin azurfa. Leza ce ke zana a kansa da ɗigo 2400, 2540 ko sama da 3000 a inci, sannan ya bi ta ruwan wanki ya fito a bushe. Baƙin da za ka gani azurfa ce a cikin fatar, kuma fim mai lafiya duhunsa yakan kai 4. Ka ɗora shi a kan tocilan waya, da ƙyar za ka hango fitilar kamar garwashi mai shirin mutuwa. Gefen layinsa a maikuroskop kamar an yanka da reza.

Ba mu muka fara gano amfaninsa ba. A shekarun 1990 ɗakin binciken George Whitesides a Jami'ar Harvard da ke Amurka ya nuna cewa maimakon a jira fotomask na gilashi mai tsada, ana iya buga zanen a irin wannan injin na 'yan ɗab'i a sami siffofi har zuwa wajen mikron 20. Aikinsu na 1998 kan ƙera ƙananan magudanan ruwa da robar PDMS a kan wannan dabarar ya tsaya, kuma ita ce ta buɗe wa ɗakunan bincike marasa kuɗi ƙofar wannan fanni. Da injin 2400 da ka fi yiwuwar samu, ka sa ranka a mikron 40 zuwa 50. Wannan ya wuce duk abin da fanel ɗin gida zai nema.

Kuɗinsa ya ninka na fotokwafi sau da yawa, amma shafi ɗaya bai fi ƙarfin ɗalibi ba, kuma da girman fim ake biya, ba da yawan zane ba. Ka cika shafin da zane biyar ko goma, da kwafi biyu na kowanne. Yana jure aiki sau da yawa in ka adana shi a ambulan, ruwa ba ya wanke shi, karce ne kawai abokin gabarsa. Girmansa ya fi na duk firintar ofis daidaito, ko da yake leda ce, tana ɗan motsi da zafi da danshi. In allo mai fuska biyu ne, ka fitar da sama da ƙasa a shafi ɗaya, rana ɗaya.

Wahalarsa ta farko samunsa. Tun da injin CTP ya shigo, mai zana kai tsaye a kan filet ba fim, manyan maɗaba'u suka yi ta ajiye imejseta. Ka tambayi 'yan ɗab'i na Area 10 a Garki, da masu buga riguna da masu hatimi, ina suke fitar da fim na rarraba launi. In abin ya faskara, Shomolu a Legas ita ce cibiyar ɗab'i, a fitar a can a sa maka a mota. Amma ka yi hattara, da yawa in ka ce fim, leza za su buga maka a leda su miƙo. Shafa da yatsa. Tona yana da tudu, za ka ji shi. Fim na gaske sumul yake, fuska ɗaya tana ƙyalli, ɗayar ta ɗan dushe, kuma mai dushewar ita ce mai fatar.

Wahala ta biyu ita ce yi wa mai injin bayani, domin shi kalanda da katin biki ya saba. Karona na farko na kai zane na koma gida ina murna. Da na sa a maikuroskop sai na ga kowace hanya ta zama ɗige-ɗige kamar hoton jarida. Baƙin da na yi amfani da shi na allon kwamfuta ne, manhajar injin ta ɗauke shi a matsayin launi ta farfasa shi. Da na koma, dattijon da ke kan injin ya ce, "Alhaji, ai ba ka ce layi zalla kake so ba." Gaskiyarsa. Tun daga ranar ga abin da nake yi. Fayil ɗin PDF ne na zanen layi, daga manhajar KiCad ko Inkscape, ba hoto ba. Baƙin K, wato baƙin maɗaba'a zalla ba haɗin launi ba, ɗari bisa ɗari ne shi kaɗai. Ina faɗa masa kada a sa sikirin, wato farfasa baƙi zuwa ɗige-ɗige, kada a daidaita da girman shafi, a bar shi ɗari bisa ɗari, a kai injin ƙarshen ɗigonsa. Ina faɗa masa fozitif ko negetif, da fuskar da fatar za ta kasance, kuma ina rubuta wata kalma a kusurwar zanen don in gane in an juya. Sannan nakan tambayi yaushe aka canza ruwan wanki, domin in ya tsufa baƙin yakan koma ruwan ƙasa, farin kuma ya yi hazo. Kada ka biya sai ka ɗaga shi a haske.

Odar fim daga waje

Akwai kamfanoni a Amurka, Ingila da Sin da aikinsu ke nan, fitar da fotomask a leda da injin da ke kai ɗigo 20,000 zuwa sama da 50,000 a inci. Suna karɓar fayil ɗin Gerber ko DXF, sun san me kake nufi ba sai ka yi dogon bayani ba, kuma sukan ba da layi har wajen mikron 10. Ledarsu ta fi kauri, ta fi zama daram. Biya da dala ne, gomomi zuwa sama da ɗari gwargwadon girma da siranta, kuma sau da yawa kuɗin aikowa yana kamo kuɗin fim ɗin. Jira mako biyu ko fiye. Babban haɗarin shi ne sayen kifi a ruwa: in ka manta ka juya zanen, sai bayan mako uku za ka sani. Kada ka aika zane waje sai ka gwada shi a fim ɗin gida tukuna.

Kuromiyam a kan gilashi

Wannan shi ne na asali. Ana shimfiɗa ƙarfen kuromiyam mai kaurin wajen nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na mikron, a kan gilashi ko kwaz, a zana da leza. Layi yana sauka zuwa mikron ɗaya, ba ya tsukewa, ana wanke shi a yi ta aiki shekaru in bai fashe ba. Ɗaruruwan daloli ne. In ba ka da ɗaki mai tace ƙura da injin saita fotomask, kada ka ma tambayi farashi. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ta fi layin da ka biya wa kuɗin girma.

| Hanya | Layin da za ka dogara da shi | Baƙi | Daidaiton girma | Ƙarko | Kuɗi | Jira | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Leza | milimita 0.2 zuwa 0.25 | rauni, da huji | yana tsukewa | kaɗan | mafi araha | mintoci | shara-shara, narkewar leda |
| Tawada | milimita 0.15 zuwa 0.2 | mai kyau in an iya saiti | mai kyau | ruwa na ɓata shi | araha | awa guda | gumi, toshewar kai |
| Imejseta | mikron 40 zuwa 50 | ƙirin | mai kyau sosai | yana daɗewa | matsakaici | kwana 1 zuwa mako | rashin fahimtar mai inji |
| Odar waje | wajen mikron 10 | ƙirin | mai kyau ƙwarai | yana daɗewa | dala | mako 2 ko fiye | kuskure ba gyara |
| Kuromiyam | wajen mikron 1 | ƙirin | mafi kyau | shekaru | ɗaruruwan dala | makonni | fashewa, ƙura |

Lambobin layin nan na fim ne, ba na abin da zai fito a allo ba. Jan ƙarfen fanel na yau da kullum kaurinsa mikron 35 ne, shuɗiyar ledar ma kusan haka, kuma sinadari yana cin gefe kamar yadda yake cin ƙasa. Don haka sauka ƙasa da milimita 0.1 a kwanon roba a bayan shago abu ne mai wuya ko da wane fim. Fitila ma tana da nata. Ta busar da farcen mata, da mutane da yawa ke amfani da ita, tana watsa haske ta ko'ina, sai ka ɗaga ta sama ka ƙara lokaci. Rana haskenta a miƙe yake zuwa, ta fi fitilu da yawa kaifin gefe, amma ƙarfinta na ƙarfe goma daban da na azahar, kuma hazon Disamba yana rage shi. Kada ka kalli fitilar UV kai tsaye, kuma sodar da ake wanke allon fozitif ko ɓare leda da ita ita ce dai ta masu sabulu, tana cin hannu.

Wa ya dace da wanne

In kana koyo, ko fanel ɗinka na cajin batir ne ko na inbata mai manyan hanyoyi da ƙafafun sokawa, leza ta ishe ka. Faɗaɗa hanyoyin zuwa rabin milimita, buga a tiresin ko ka ninka leda biyu.

In kana canza zane kullum, kana aiki da SOIC da ATmega mai kwanciya, kuma akwai Epson a gida, sayi fakitin ledar masu riguna ka ɓata rana ɗaya kana gwada saiti. Rubuta saitin da ya yi a jikin bango.

In zanen ya zauna ba zai sake canzawa ba, ko akwai cif mai tazarar 0.5, ko allo mai fuska biyu, ko za ka fitar da guda talatin iri ɗaya, ko kana sassaƙa farantin suna mai ƙananan haruffa, nemi imejseta. Haka ɗalibin digiri na biyu da ke son magudanar mikron 100 a kan SU-8, wani irin fotorezis mai kauri: ya fara da nan kafin ya nemi dala.

In bincikenka yana neman mikron 10 zuwa 30, odar waje ce, bayan ka gwada tsarin a fim ɗin maɗaba'a. Kuromiyam na wanda cibiyarsa ke da ɗakin da ya dace ne.

In kuma fanel kawai kake so, mai ramuka masu rufin ƙarfe da koren fenti, kuma za ka iya jira, kamfanoni irin JLCPCB da PCBWay a Sin suna yin guda biyar a kan kuɗi kaɗan, aikowa ce mai tsadar. Ku haɗu ku huɗu ku raba kuɗin jirgi.

Ɗalibin nan STM32 ne a allonsa kuma saura kwana goma ya kare aikinsa a gaban malamai, don haka Sin ta yi masa nisa. Na gyara masa fayil ɗin, na rubuta masa abin da zai faɗa wa mai inji a bayan rasit. Ranar Laraba ya dawo da fim mai zane shida a shafi ɗaya. Mun yanki siririn allo muka haska shi kashi-kashi, muna jan kwali kowane daƙiƙa talatin, muka ga daga minti biyu har huɗu duk ya fito tsaf. Muka tsaya a uku, muka ɗora fitilar a kan gwangwanin madara biyu don ta yi nisa da gilashin.